Wai me ke sa mutum ya maƙale wa ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'a?

Abban Hanifa:
Salam 'yan uwa. Tambaya ce da ni musamman ga mutanenmu da ke zaune a Amurka da waɗanda suka yi karatu can. Duk watan Maris sai in ga shafukan mutane sun cika da maganar March Madness, wato gasar kwando ta jami'o'in Amurka, wannan ya ce shi ɗan jami'ar Duke ne wancan ya ce Kentucky. NBA na gane, can ne manyan 'yan wasa suke. Amma ƙungiyar makaranta fa? Yara ne 'yan shekara 18 zuwa 22, masu kyaun cikinsu ma shekara ɗaya suke yi su wuce, to me ake so a jikinta har dattijo mai furfura ya zauna yana hawaye don an cire su? Da gaske nake so in fahimta, ta ina abin yake kama mutum.

Injiniya:
Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Ni a Kansas na yi karatu, garin Lawrence, kuma wlh lokacin da na je ko dokokin wasan ban gama sani ba. Abokan ajinmu ne suka ja ni Allen Fieldhouse, ɗakin wasan da aka buɗe tun 1955, yana cin mutum sama da dubu 15. Tun kwanaki kafin babban wasa ɗalibai suke kafa layi rukuni-rukuni, ana karɓa-karɓa, wani ya tafi lakca wani ya zauna ya tsare wajen, don kawai a samu kujera kusa da fili. Da aka zo kiran sunayen 'yan wasan baƙi sai na ga ɓangaren ɗalibai gaba ɗaya kowa ya ɗaga jarida ya rufe fuska wai ba su ma san da zuwansu ba, ana fara kiran na gida sai aka yayyaga jaridun aka watsa sama, takardu na zubowa a kanka, masu bushe-bushe na makaranta na ta yi, ƙasan wajen har rawa yake. Can ƙarshe da nasara ta tabbata sai hayaniyar ta lafa, dubban mutane suka shiga jan waƙar Rock Chalk Jayhawk a hankali da murya ɗaya. Na fito kunnena na ƙara, tun ranar ban sake ba.

Kuma su abin tarihi ne a wajensu. James Naismith da ya ƙirƙiro wasan a 1891 shi ne kocin Kansas na farko a 1898, a Lawrence aka binne shi, takardun da ya rubuta dokoki 13 na asali suna nan ajiye a ginin da ke manne da ɗakin wasan, wani tsohon ɗalibi ne ya saye su sama da dala miliyan 4 a 2010 ya kawo su gida. To ka ga yaron da ya tashi a nan ba zaɓa yake ba, tararwa yake.

Baba Direba:
Injiniya ka faɗi gaskiya, tararwa ake. Ni a Louisville nake tuƙi shekara da shekaru, jihar Kentucky kaf ba ta da ƙungiyar NBA ko ɗaya, saboda haka jami'o'i biyun nan su ne komai. Ko kai shuɗi ne, wato Kentucky da ke Lexington, ko kai ja ne, Louisville. Fasinja zai shigo mota kafin ya tambayi daga wace ƙasa kake sai ya duba kalar hularka. Kuma abin da zai ba ka mamaki mafi yawan masu mutuwar son Kentucky ba su taɓa zama a ajin jami'ar ba, manoma ne da masu haƙar kwal na gabashin jihar da direbobin manyan motoci, kakansu ya saurari wasan a rediyo, ubansu ya kalla a talabijin, su kuma an sa musu shuɗiyar riga tun suna zanin goyo. Kamar dai yadda yaro zai tashi a Kano ya tarar gidansu kowa Pillars, ba wanda ya zaunar da shi ya ce ga dalili.

Akwai wata dattijuwa da nake kaiwa asibiti, in ka ambaci Christian Laettner, tsohon ɗan wasan Duke, sai fuskarta ta canza. Wasan 1992 ne fa, saura daƙiƙa biyu da 'yan kai a ƙarin lokaci, aka wurgo masa ƙwallo daga wancan ƙarshen fili ya cafe ya juya ya jefa, Duke 104 Kentucky 103. Sama da shekara 30 amma tana ba ni labarin kamar jiya, har inda take zaune a falo da abin da mijinta marigayi ya yi da ƙwallon ta shiga.

Abban Hanifa:
Ikon Allah. To Baba kai wanne ka ɗauka, shuɗi ko ja?

Baba Direba:
Shuɗi ne ɗana, duk da a garin ja nake zaune. Maigidan da na fara aiki a wajensa ne ya sa min, duk ranar wasa rediyon gareji a kunne. 'Ya'yana kuwa da aka haifa a nan biyu sun bi 'yan makarantarsu sun zama ja, ranar da za a haɗu a watan sanyi gidan rabuwa yake biyu, uwarsu ce ke raba gardama.

Ɗan Birni:
Ku bari in kawo ta ɓangarenmu da ba mu je ko'ina ba. Ni a Zariya na tashi kuma na buga wasan da ƙuruciya, duk wanda ya san harkar kwando a Zariya ya san Koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da yara a ABU, Masai Ujiri da ya shugabanci Toronto Raptors ta NBA ma a garin ya tashi ya fara wasa kafin ya tafi kwaleji a Amurka. Mu ƙofar da muka shiga ita ce Hakeem Olajuwon. Yaro daga Legas, da golan ƙwallon ƙafa ne da ƙwallon hannu, ya tafi Jami'ar Houston, sau uku a jere suna kaiwa zagayen 'yan huɗun ƙarshe, 1982 da 83 da 84. Ba mu da hanyar kallo kai tsaye a lokacin, sai mujalla da ta kwana biyu da kaset ɗin bidiyo da wani ya taho da shi, a taru a ɗaki ɗaya a kalla har ya fara cin zare.

Fainal ɗin 1983 kowa ya ba Houston, sai NC State ta cinye 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, wani ya jefo daga nesa ba ta kai ba Lorenzo Charles ya tare ta a sama ya danna cikin kwando. Shekara ta gaba Georgetown ta su Patrick Ewing ta sake hana su. Hakeem ya tafi NBA a 1984 ya ci kofi biyu da Rockets a 94 da 95, amma ni zuciyata ta tsaya a jami'ar, har yau Houston ba ta taɓa ɗaukar kofin nan ba kuma har yau ina jira. A 2025 na ce to Allah ya kawo lokaci, suka fitar da Duke a kusa da na ƙarshe bayan an yi musu nisa, a fainal suna gaban Florida da maki 12 bayan hutun rabin lokaci, aka tashi Florida 65 Houston 63, ƙwallon ƙarshe a hannunsu amma ko jefawa ba su samu yi ba. Na daɗe zaune a kan tabarma ban tashi ba. Abin da ya ɗan sanyaya min rai akwai ɗan Najeriya a Florida ɗin, Rueben Chinyelu.

Maman Iman:
Allah sarki Kawu, wlh labarinka ya taɓa ni. Ni ma ta ɗan wasa na shiga. A Connecticut nake aikin jinya, na daɗe ina ganin mutane da rigar UConn, wato Jami'ar Connecticut, ban damu ba, sai azumin 2023. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris ana tsakiyar gasa, aka fara labarin ɗan wasansu Adama Sanogo ɗan Bamako yana azumi yana buga wasa, in rana ta faɗi dab da wasa ya ɗan kurɓi ruwa ya ci 'ya'yan itace ya shiga fili. Abokan aikina da ba su taɓa tambayata komai kan azumi ba suka fara zuwa, wai da gaske ko ruwa ba ya sha? Yaya kike yi da aikin dare? Suka cinye San Diego State 76 da 59 a fainal, shi aka ba gwarzon gasar. Ɗana da a da yake jin nauyin cewa yana azumi a makaranta, shekarar da kansa yake faɗa wa 'yan ajinsu.

Amma in faɗa muku abin da ya riƙe ni bayan Sanogo ya tafi, ƙungiyar mata ce. Maƙwabciyata wata tsohuwar malamar makaranta ita ta fara kai ni. Storrs ɗin da jami'ar take ɗan ƙaramin gari ne cikin gonaki, amma Geno Auriemma tun 1985 yake horar da matan, kofi 12 ya ci, akwai lokacin da suka yi wasa 111 a jere ba a doke su ba. Ka shiga ka ga kaka da jikanyarta da riga iri ɗaya, sun san sunan kowace yarinya da garinsu da ciwon da ta ji bara. Yanzu Iman ce ke tuna min ranar wasa.

Yaron Malam:
Ni Duke nake yi kuma ban taɓa fita Najeriya ba. A YouTube na fara ganin Zion Williamson a 2019, mutum mai nauyin nan yana tashi sama kamar ba shi ba, na bi na kalli wasansu da North Carolina wanda takalminsa ya fashe tun ba a yi minti ɗaya ba, Obama na zaune a gefen fili. Daga nan na shiga karanta tarihin hamayyar, jami'o'i biyu tsakaninsu bai fi kilomita 15 ba, ɗakin Duke mutum 9,314 kawai yake ci, ɗalibai na kwana a tanti cikin sanyi makonni don wasa ɗaya. Shikenan na kamu.

Baba Direba:
Yaro kar ka ji haushi amma wannan ba shi muke nufi ba. Ka duba waya ka ga wanda ke ci ka ce naka ne. Duk wanda ba shi da gari a Amurka Duke yake ɗauka saboda kullum su ake nunawa. Goyon baya sai ka zauna cikin mutanen, an ci ku ka fita ka ga fuskar maƙwabcinka, ka je aiki a tsokane ka. A 2022 muna da Oscar Tshiebwe ɗan Lubumbashi, gwarzon ɗan wasan ƙasa na shekarar, wata 'yar ƙaramar makaranta Saint Peter's ta fitar da mu a wasan farko. Washegari duk fasinjan da ya shigo da shuɗiyar hula ba mai magana, masu ja kuwa har da waɗanda ba su saba gaishe ni ba sai da suka gaishe ni. Kai wa zai tsokane ka?

Yaron Malam:
Baba da girmanka amma ban yarda ba. Wasan Duke da Carolina na 2022 a New Orleans, karon farko da suka taɓa haɗuwa a gasar, kuma wasan ƙarshe na Koci Krzyzewski bayan shekara 42 a Duke, wajen ƙarfe 2 na dare aka fara a nan. Ba wuta, na yi cajin waya a shagon mai caji tun yamma na sayi data ta musamman, ina zaune a ƙofar gida saboda a nan sabis ya fi. Caleb Love na Carolina ya jefa mai maki uku ɗin nan saura ƙasa da rabin minti, suka cinye mu 81 da 77. Ni kaɗai a layinmu, ba wanda zan faɗa wa, da asuba mahaifiyata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Kai kana da garin da za ku yi baƙin ciki tare, ni ba ni da shi, kuma ban canza ƙungiya ba. In cin kofi nake bi ai tun 2015 Duke ba ta ci ba, da UConn na koma.

Ɗan Birni:
Alhaji a nan ina bayan yaron. In zama cikin gari ne sharaɗi to ni ma fitar da ni za ka yi, ban taɓa ganin Houston da idona ba. Kowa da ƙofar da ya shigo, wani gado wani makaranta wani ɗan ƙasarsu wani waya. Ni abin da nake dubawa shi ne ranar da aka ci ku, ka dawo kakar gaba ko ba ka dawo ba. Wanda ya ga 81 da 77 ya kuma tashi ƙarfe 2 a watan Nuwamba don wasan farkon kaka ai ya biya kuɗin shiga.

Baba Direba:
To na ji Malam, na janye rabi. Amma ina nan kan cewa akwai abin da ba ya shiga waya. Allah ya kawo shi wata rana in kai shi Rupp Arena, ɗakin wasan Kentucky, ya ji mutum dubu 20 sun tashi tsaye lokaci ɗaya, sannan mu sake magana.

Yaron Malam:
Amin Baba, zan zo amma da rigar Duke.

Baba Direba:
A mota za ka bar ta.

Na Maraɗi:
Ina bin ku tun ɗazu. Amma tambayar Abban Hanifa ta farko ba a amsa ta duka ba. Tun 2006 NBA ta ce sai ɗan shekara 19, shi ya sa manyan yara ke yin shekara ɗaya su tafi, Joel Embiid na Kamaru ma shekara ɗaya ya yi a Kansas. Yanzu kuma tun 2021 an yarda ɗan wasa ya karɓi kuɗi da sunansa da hotonsa, ga sauya makaranta ya zama ba wuya, yaro zai yi bana a nan baɗi a wajen abokan hamayyarku don an fi ba shi. To mi ya rage? Riga kawai kuke so kenan? Ni a ganina wannan abin zai kashe irin soyayyar da kuke faɗa, yaran da ke tasowa 'yan wasa za su riƙa bi ba makaranta ba.

Injiniya:
Wannan damuwa ce ta gaske kuma mu ma muna jin ta. Udoka Azubuike shekara huɗu ya yi mana daga 2016 zuwa 2020, mun gan shi yana yaro da ƙyar yake jefa ƙwallon fanareti, ya ji ciwo a hannu sau biyu ya rasa mafi yawan kaka, ya dawo ya zama dodon fili, shekararsa ta ƙarshe muna na ɗaya a ƙasar korona ta sa aka soke gasar gaba ɗaya. Irin wannan ɗan wasan kana jin kamar a gidanku ya girma. A Kansas wasan gida na ƙarshe ana ba masu gamawa makirfo su yi jawabi iyayensu na tsaye a fili, ba mai tashi ya tafi. In kowa shekara ɗaya zai yi wa za a ba makirfon? Wannan kam an yi asara, ba zan ɓoye ba. Sai dai ban ga laifin yaran ba, shekara da shekaru talabijin da makarantu da kocina na kwasar biliyoyi da guminsu su ba a ba su ko sisi, yaron da ya baro uwarsa a Legas ko Bamako in ya samu abin aikawa gida ni ina murna.

Baba Direba:
Na Maraɗi bari in ba ka abin da na gani da idona. A 2024 kocinmu John Calipari ya bar mu bayan shekara 15 ya tafi Arkansas, 'yan wasa suka watse, wasu suka bi shi wasu NBA wasu wata makarantar, kusan ba wanda ya rage. Aka ɗauko Mark Pope, kyaftin ɗin ƙungiyar da ta ci kofi a 1996. Ranar da za a gabatar da shi, ba wasa ba ne fa taron manema labarai ne kawai, Rupp Arena ta cika maƙil har aka bar mutane a waje, ya shigo cikin bas tare da tsofaffin 'yan wasa riƙe da kofin 96. Ba ɗan wasa ko ɗaya a hannu amma mutane sun tuƙo awa uku awa huɗu daga ƙauyuka. Ni na kai wasu daga Louisville. Ka ce riga ce, to, amma rigar da uban mutum ya sa ya zaunar da shi a cinya suka kalla tare ce.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ni abin da zan ƙara, mutane da yawa ta hanyar takardar hasashen nan suke shiga. A 2011 aka mayar da gasar ƙungiya 68, sili ɗaya ƙwale, kowa a ofis da makaranta sai ya cike wa zai ci wa har fainal. Ka rubuta sunan makarantar da ba ka taɓa ji ba, gobe ka tsinci kanka kana mata addu'a. Haka UMBC, wata jami'a a jihar Maryland, ta samu masoya a 2018 da ta lallasa Virginia 74 da 54, karon farko a gasar maza da ƙungiyar da aka jera ta 16, wato ta ƙarshe a rukuninta, ta fitar da ta ɗaya, kuma Virginia ɗin ta dawo ta ɗauki kofi a 2019, Mamadi Diakite ɗan Gini ne ya ceto su a hannun Purdue da jifan daƙiƙar ƙarshe. Sai dai ina jan hankalin 'yan uwa, da zarar an ce kowa ya zuba kuɗi wanda ya dace ya kwashe to ta zama caca, a cike don nishaɗi a bar kuɗin. Yanzu tallan caca ya cika wasannin nan, yaranmu na kallo.

Maman Iman:
Gaskiya ne Malam, Allah ya tsare mana zuri'a. Kuma don Allah in ana lissafin yadda ake samun sabbin masoya a riƙa sa mata. Caitlin Clark ta Iowa kaɗai ta jawo mutanen da ba su taɓa kallo ba, fainal ɗinsu da South Carolina a 2024 kusan mutum miliyan 19 suka kalla, ya fi na maza a shekarar. Kafin ita akwai Arike Ogunbowale a Notre Dame 2018, jifan ƙarshe a kusa da fainal, mu UConn ta yi wa ma, bayan kwana biyu ta sake yin wani a fainal. Ga Nneka da Chiney Ogwumike a Stanford. Yarinya ta ga mai suna irin na gidansu a fili ai an gama.

Abban Hanifa:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru sosai. Ba zan zaɓi ƙungiya a takarda ba, zan fara kallo in ga inda raina zai kwanta. Wane wasa za ku ce in fara da shi, kuma ƙarfe nawa yake kamawa a nan?

Injiniya:
Kaka na farawa farkon Nuwamba, amma ka jira Janairu da Fabrairu lokacin wasannin hamayya, kuma ka zaɓi wanda ake bugawa a cikin makaranta ba a babban filin haya ba, a nan za ka ga ɗalibai. Tsakaninmu da gabashin Amurka awa 6 ne lokacin sanyi, in sun canza agogo a Maris ya koma 5, Kansas kuma ka ƙara awa ɗaya. Wasannin ranar Asabar da rana su suka fi sauƙi, suna kamawa bayan magariba zuwa isha'i a Najeriya da Nijar. Na maza rabi biyu ne minti 20-20, cikin awa biyu an tashi.

Yaron Malam:
Yaya ka fara da Duke da Carolina, sau biyu suke haɗuwa, Fabrairu da farkon Maris. Yawanci wajen sha biyun dare ne a nan. In lokacin ya zo zan turo maka ranar, ka dai tanadi caji da data tun yamma.